Hular Kwano Ta Biyu

Hayyin Ashir, Alƙahira
Farkon watan Yuli

Zuwa ga taubashiyata, 'yar gwaggona, Hajiya Baraka, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda har gobe yaran Funtuwa ke gyara tafiya idan sun hango mayafinta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina tambayar lafiyarki, da ta Gwaggo da gwiwarta, da yadda damina ta sauka, da awakin nan naki waɗanda ba su taɓa amincewa cewa gona tana da mai ita ba. Mu nan ƙalau muke, in ban da zafi, wanda ya kai matsayin da kwalta ke bin takalmin mutum har gida. Mutanen gida suna gaishe ki. Tun da mahaifiyarsu ta rasu a Omdurman cikin yaƙin nan, ba su samu ko halartar jana'iza ba, magana ta yi musu ƙaranci. Jabana ma, gahawar nan ta mutanen Sudan da suka saba soyawa da safe suna 'yan waƙe-waƙe, yanzu shiru ake soya ta. Sai dai ba wannan ne dalilin takardata ba.

Dalilin babba ne, don haka ki zauna, ki cire tabarau, ki goge, ki mayar. Ni Abdurrahim, wanda ya zo Masar neman ilimi gemunsa bai tsiro ba, ya ɓige da zama tafintan marasa lafiyar ƙasarmu a asibitocin birnin nan har gemun ya yi fari, na ƙudiri aniyar ƙetare duwatsun Atlas na ƙasar Maroko a kan babur.

Na san abin da ke bakinki. Za ki ce rabona da hawan abu mai ƙafa biyu tun ranar da keken Baba ya shiga da ni kududdufin bayan gida. Ina tunatar da ke cewa duk shaidun da suka halarci wannan waƙi'a sun haɗu a kan cewa keken ba shi da birki, kuma kududdufin ne ba a inda ya kamata yake ba.

Ga tsarin. Hanyar ƙasa daga nan ba ta biyuwa, domin iyakokin da ke tsakaninmu da Maroko sun fi akwatin Gwaggo wuyar buɗewa. Saboda haka cikin watan Nuwamba jirgi zai sauke ni a Marrakush, in yi hayar babur a can. Na manna taswira a bangon falo. Hanyar ta nannaɗe a jikin dutse kamar hanjin rago, tana hawa har inda masana labarin ƙasa suka ce numfashi kan yi wa mutum rowa, dusar ƙanƙara kuma ta zauna wa duwatsu a ka kamar rawani. Daga nan a gangara ɓangaren hamada, a juya arewa, a sake ƙetare wasu duwatsun, a sauka birnin Fas. Kakanninmu sun ratsa Sahara da ƙafa suna kora jakuna; abin kunya ne jikansu ya ƙare rayuwarsa a maƙale a ƙofar mikrobas tsakanin Hayyin Ashir da Abbasiya.

Na riga na shiga makaranta. Malamina shi ne Usta Mahir, Bamasaren da ke gyaran babura a ƙasan gidanmu, mutum mai haƙuri da ƙaton ciki. Ranar farko ya ce da ni, "Ya ustaz, saki kuloci a hankali, kamar mai kwantar da jaririn da ya yi barci." Na sake shi kamar wanda ya damƙi garwashi. Babur ya yi nasa ijtihadin, ya nufi tulin kankanar wani bawan Allah da ke bakin titi. Ba a yi asarar rai ba. Mai kankana ya ce "ma'alish", wato ba komai, da irin muryar da ba ta nufin haka, unguwa kuma ta yi kwanaki tana shan kankana da sunana.

Na sayi hular kwano biyu, baƙa da ja. Kada ki tambaye ni ta biyun.

Buƙatata gare ki guda ce. Gwaggo ce kaɗai ta rage mana a manya, kuma ba na sa ƙafa a irin wannan tafiya ba da albarkarta ba. Ki nema mini, amma cikin sirri. Na rubuta wannan da alƙalami, na ɗauki hotonta na turo miki ta waya, domin saƙon murya na masu gaggawa ne, ni kuwa tarihi nake kafawa.

Taubashinki, madugun da ayarinsa bai taru ba tukuna,
Abdurrahim

*

Funtuwa
Tsakiyar Yuli

Zuwa ga Madugu, gwarzon yaƙin kankana.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ruwa yana sauka yadda ake so, masara ta kai ƙugu. Gwiwar Inna tana nan, ita ke gaya mana za a yi ruwa tun kafin rediyo. Ka gaishe mini da Awadiyya, tunda kai harshenka ba ya iya ɗaukar sunan matarka sai ka mayar da ita jama'a guda. Ka ce mata muna ta addu'a, Allah ya jiƙan tsohuwa.

Na karanta wa Inna takardarka. Ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa, sannan ta ce, "Ɗan nan tun yana rarrafe yake neman abin da zai karya shi. Allah ya tsare, ya kai shi, ya dawo da shi da haƙoransa." Ka ga albarka ta samu. Sirri kuwa na riƙe shi gam. Inna kaɗai na gaya wa, ita kuma ba ta gaya wa kowa ba sai waɗanda suka shigo gaishe ta.

Hula ta biyu ba sai na tambaya ba. Ka san kanka, ka san ta farko ba za ta kai Fas ba.

To, da ka ambaci Fas. Ka san akwai wani yaro a can da aka ce yana karatu. Ni babu ruwana da shi, ko wayarsa in ta shigo Inna nake miƙa wa. Amma Inna ta ce tunda Allah ya kawo mai tafiya, kuma kai kaɗai za ka hau, bayan babur ɗin fili ne, bai kamata ya tafi haka wayam ba. Za a haɗa ɗan ƙulli, ba wani abu ba, ɗan yaji da ɗan dambun nama. Ɗaliban da suka zo hutu za su koma wajenku ƙarshen damina, sai su taho maka da shi. In kuwa nauyi zai yi maka, ka faɗa, in shaida wa Inna cewa ɗan ƙaninta ya zama Bature, ba ya ɗaukar saƙo.

Ka riƙa cin abinci kafin ka hau, kada iska ta yi gaba da kai.

Taubashiyarka,
Baraka

*

Hayyin Ashir, Alƙahira
Watan Agusta

Zuwa ga Hajiya Baraka, wadda ta haifi Ya'ƙub, ɗanta na fari, ta kuma raine shi har ya kai jami'a tana nuna ba ta san wadda ta haife shi ba.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Na karɓi albarkar Gwaggo da hannu biyu, na kuma yafe mata batun haƙora.

Kalmar nan ta "Bature" ta tsaya mini a maƙogwaro. Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa jin wanda aka miƙa wa saƙo ya noƙe hannu ba. Mahaifina ya taɓa ɗaukar wa wata tsohuwa zakara mai rai daga Funtuwa har Jos a kan cinyarsa, zakaran yana cara a kowace tasha, shi kuwa ko fuska bai ɓata ba. A aiko. Abin Ya'ƙub a wuyana yake.

Game da cewa ni kaɗai zan hau, akwai magana a nan, amma ba ta takarda ba ce, kuma lokacinta bai yi ba. Mutum mai nazari ba ya gaggawa.

Karatu yana tafiya. Na zagaya unguwa kaf ban taɓa kowa ba, in ban da wani tuktuk, Keke Napep ɗin nan ƙasar, wanda shi ne ya taɓa ni. Usta Mahir ya koya mini cewa a gangaren dutse ba a danne birki har ya yi zafi. Da giya ake sauka. Na ce masa wannan hikima ce da ta shafi rayuwar ɗan Adam baki ɗaya, na kuma fara kawo masa misalai daga tarihin dauloli. Ya ce, "Yalla ya ustaz, hau kawai." Na je kasuwar gwanjo ta Wikalatul Balah na sayo rigunan sanyi biyu. Ɗaya ta yi mini kaɗan ƙwarai, launinta kuma bai dace da dattijo ba, amma na riƙe ta.

Jiya na dawo daga asibiti na tarar da mutanen gida tsaye gaban taswira, yatsa a kan layin da na ja da jan biro. Da suka ji motsina suka ce ƙura suke gogewa.

Naki,
Abdurrahim

*

Hayyin Ashir, Alƙahira
Farkon Oktoba

Zuwa ga Baraka.

Ina fata kina raye. Tun watan jiya nake turo gaisuwa, waya tana nuna mini ko buɗewa ba ki yi ba. Idan fushi ne, ban san laifina ba. Idan kuwa ɓuya ce, na san naki.

Ɗalibai sun dawo daga hutu, kuma na fahimci abin da ake nufi da ɗan ƙulli a Funtuwa. Na farko ya zo daga Abbasiya da jakar bakko wadda sai da mutum biyu suka kama, an rubuta a jikinta da hannun da na sani, "Na wancan yaron." Na ce madalla, wannan na yi alkawarinsa. Washegari wani ya zo daga Hayyis Sabi'. Daga nan ƙararrawar gidanmu ba ta sake hutawa ba. Akwai kuka da busasshiyar kuɓewa na wani ɗan kasuwa a Kazabalanka. Akwai kwalbar man shanu ta wata amarya a Tunis, wadda nake sanar da al'ummar Funtuwa cewa ƙasa ce dabam, da tutarta. Akwai turmi da taɓarya na wata baiwar Allah a Madina. Ɗan aiken ya ce an ce masa ai duk wajen ne. Akwai buhun zoɓo, an biyo da shi ta Masar, inda ake sayar da zoɓo a kowace kusurwa. Daddawa kuwa ta gabatar da kanta ga dukan mazauna benen, har bawwab, mai gadin gidan, ya hawo da kansa yana tambaya ko bututun ban-ɗaki ne ya fashe. Da ɗaliban nan suka ga ƙofa ta buɗu, su ma suka kawo littattafan da za a kai wa abokansu a Fas. Kowa da "don Allah, Baba", ni kuwa da "ba komai".

Don a tabbatar da abu a aikace, muka ɗaure kayan a babur ɗin Usta Mahir, wanda girmansa ɗaya da wanda zan yi haya. Kafin in hau, babur ya ɗaga ƙafar gaba kamar akuyarki idan ta hango ganye a kan katanga. Usta Mahir ya zagaya shi, ya sosa ciki, ya ce, "Ko rabinsu ka ɗauka, ya ustaz, mazaunin baya ya tafi. Khalas, shi ke nan."

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. Kafin kayan su fara isowa, wata rana na hango mutanen gida ta ƙofar ɗaki, sun ɗora jar hular nan a kan mayafi suna duba madubi. Na ja da baya a hankali, na yi tari a matattakala, na sake shigowa. Na ce a raina gobe zan yi magana. Goben ce ɗalibi na farko ya buga ƙararrawa. Shekaranjiya mutanen gidan suka zauna suka shirya kayan nan tsaf, suka ɗaure kowanne, sannan suka ɗauko jar hular, suka zaunar da kwalbar man shanu a cikinta, suka cusa tsumma a gefe.

"Ga amfaninta, ya ustaz, kada ta fashe maka a hanya," suka ce. "Ni da na ɗauka…" Sai suka ƙara danna tsumman. "Allah ya kai ka lafiya."

Na duƙufa a kan babin ajiya da amana cikin littattafan fiƙihu, ko zan samu malami guda da ya halatta wa ɗan aike ya manta da turmi a filin jirgi. Babu. Abin da na karɓa da hannuna na ce ba komai, ba ni da ikon zubar da shi, ba ni kuma da fuskar da zan mayar da shi Funtuwa.

Baraka, ba don man shanu na sayi hular nan ba. Ki amsa mini. Wannan karon ba wasan taubasai nake ba.

Abdurrahim

*

Funtuwa
Tsakiyar Oktoba

Abdurrahim,

Ina raye, Inna ma haka. Wayata ce ta faɗa rijiya a gidan suna a Bakori, sai makon jiya aka haɗa mini wata, takardunka suka zubo gaba ɗaya. Na karanta ta ƙarshe, na koma ta farko na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake bin jarrabawar 'yan aji shida. Sakamako ya fito: ka faɗi.

Ka cika shafuka da kuloci da kankana da zakaran da Kawu ya kai Jos, matar da aka shirya tafiyar dominta kuwa ka ɓoye ta a cikin hula da rigar sanyin da ta yi maka kaɗan. Ni ma da laifina, na ga fili na cika shi. Amma wa ya gaya maka ana gayyatar mace da taswira a bango? Kada ka ce in duba kaina game da wancan yaron. Tawa kunya ce ta gado, kowa ya san fassararta, shi ma ya sani. Taka kuwa wadda aka yi dominta ba ta da labari. Tana cikin makoki a ƙasar da ba tata ba, tana zaton an tsallake ta an ɗauki turmi.

Ga abin da aka yi. Amana mai ita ne kaɗai ke sauke ta, don haka na ɗauki Inna a Keke Napep muka bi gidajen da suka ba da saƙo. Ni na so in yi kwana-kwana, Inna kuwa tana zama sai ta ce, "Ɗan ƙanina ne zai ɗauki matarsa a babur ya kai ta ganin ƙanƙara, kayanku sun hau mata wuri." Abdurrahim, da ka ga mata! Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta kira mijinta daga zaure ta ce ya zo ya ji abin da maza ke yi a Masar. Sunanka ya ɓaci a majalisun mazan garin nan, ina ba ka shawara kada ka yi gaggawar zuwa gida.

Kowa ya yafe. An ce a dafa abin dafawa a ciyar da ɗalibai sadaka, ladan ya je wa mahaifiyar Awadiyya. Mai turmi ta ce a bar wa Awadiyya shi. Uwar amaryar Tunis ce kaɗai ta ɗan cije, sai da na kai ta gaban taswirar makaranta ta gani da idonta. Littattafan ɗalibai kuwa kai ka san yadda za ka yi da su, ba 'yan Funtuwa ba ne.

Jakar wancan yaron ma a haɗa a dafa. Ba ya jin yunwa. In ma yana ji, ba a gaya mini ba.

Saura kai. Ka tambaye ta da bakinka, da Hausa, ba da Larabcin littafi ba, kuma kada ka fara da muƙaddima. In takardarka ta gaba ta zo babu wannan labari, zan buga mata waya in gaya mata da kaina, ka zama tafintan da aka yi wa tafinta.

Baraka

*

Hayyin Ashir, Alƙahira
Ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Hajiya Baraka, mai warware abin da ya gagari fuƙaha'u.

Muna lafiya, lafiyar da na manta rabona da irinta. Ki durƙusa gaban Gwaggo a madadina.

Na bi umarninki, in ban da batun muƙaddima, domin ɗabi'a ba ta sauyawa cikin mako guda. Da safe na sami mutanen gida suna soya gahawa. Na tsaya, na gyara murya, na fara da bayanin matsayin tafiye-tafiye a wurin magabata. Ban yi nisa cikin fa'idojin ba suka ce, "Ustaz, in magana ce yi ta, gahawa za ta ƙone." Sai na ga duk kalmomin da nake cin abinci da su shekara da shekaru sun watse sun bar ni. Na je na ciro kwalbar man shanu daga hular, na zazzage tsumman, na dawo na ɗora musu ita a ka. Na ce, "Taki ce. Tun farko taki ce. Za ki raka ni?"

Har na fara tunanin ko hular ta toshe musu kunne. Can suka ɗaga gilashin hular suka ce, "Tana warin man shanu." Sannan dariya ta zo, irin wadda gidan nan bai ji ba tun bara, har da riƙe ciki, har da hawaye, ban kuma tantance inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba. Gahawa ta ƙone. Ban taɓa shan mai daɗinta ba.

"Tun ranar da ka shigo da ita nake jira," suka ce. "Na ce bari in ga ko sai mun kasa tafiya."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sadaka a saman bene. Ɗalibai suka zo daga Abbasiya da Hayyis Sabi', aka sauke Alƙur'ani, aka yi wa marigayiya addu'a, sannan aka fuskanci tuwo da miyar kuka da man shanun Tunis. Turmin Madina ya yi aikinsa na farko. Usta Mahir ya ɗebi yaji da cokali kamar sukari duk da gargaɗina. Da numfashinsa ya dawo ya ce "tamam", wato ya yi daidai, yana share ido. Bawwab ya ci miyar daddawar da ya yi wa ƙazafi, ya nemi ƙari. Littattafai kuma masu su suka kwashe suna sunkuyar da kai, bayan labari ya kai musu.

Abu guda ne aka saɓa miki. Da na jawo jakar Ya'ƙub zan kwance, sai mutanen gida suka dafe ta.

"Wannan ba za a taɓa ba," suka ce. "Ni yanzu ba ni da mai aiko mini. Ba zan ci saƙon uwa ba."

Na kawo hujjar nauyi, na kawo fatawar Usta Mahir. Suka ce su ba a kan mazauni za su ɗora ta ba, in bar musu wannan. Ban gane nufinsu ba, amma kwanan nan na fara koyon wani ilimi da ba a karantar da mu ba, wato yin shiru a inda ya dace.

Lasisi ya fito, biza ta fito. Yau da safe da waƙa aka soya gahawa.

Naki,
Abdurrahim

*

Fas, Maroko
Watan Nuwamba

Zuwa ga Hajiya Baraka, da Gwaggo, da dukan matan Funtuwa waɗanda mazajensu ke fushi da ni.

Muna lafiya, haƙorana cif. A shaida wa Gwaggo.

An ƙetare Atlas. Ba zan ɓoye miki ba, a kwanar hanya ta farko da na leƙa na hango motoci can ƙasa kamar ƙwari, na tuba har daga zunuban da ban aikata ba. Na yi tuƙi da natsuwar da ta dace da shekaruna, har wani tsoho a kan alfadari ya wuce mu ya yi mana sallama, ya kuma jira mu a gaba don ya ga ko lafiya.

Batun jaka kuwa, an matse kayan cikinta a ƙulli guda, aka goya shi a baya da zani, a kan rigar sanyin nan da ta yi mini kaɗan. Na yi bayanin cewa a ilmance nauyin dai a kan babur yake. Aka ce in kula da tuƙina. Duk ƙauyen da muka tsaya shan shayi sai mata su taso su ba da wuri kusa da wuta, su leƙa goyon, su tarar da dambun nama.

A can ƙololuwa muka tsaya. Dusar ƙanƙara ba ta daɗe da sauka ba, ta lulluɓe kan duwatsu har bakin hanya. Babu hon, babu mai talla, babu komai sai iska. Mutanen gida suka sauka, suka daɗe a tsaye suna kallo, ni kuwa na shirya jawabin da ya dace da wurin. Ina buɗe baki dunƙulen ƙanƙara ya same ni a wuya.

Jiya muka shigo Fas. Ya'ƙub ya yi tsawo, ya tsayar da gemu, malamansa suna yabonsa, kuma bai rame ba, tunda na san ba za ki tambaya ba. Ya kwance ƙullin a gabanmu. A ƙarƙashin yaji akwai rigar sanyi saƙar hannu, babu takarda, babu suna. Ya juya ta, ya shinshina, ya sa ta a kan jallabiyarsa. Sannan ya tambaye ni a hankali, "Kawu, ta ambaci sunana?" Na ce, "Ko sau ɗaya." Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, lafiyarta ƙalau ke nan."

Ana neman alƙalami a hannuna, kuma na daina gardama.

Madugu Abdurrahim, wanda ayarinsa ya cika.

Yaya Baraka, ni ce Awadiyya. Hausata ta Sudan ce, ki yi haƙuri da rubutun. Na gode, Allah ya saka, ki gode mini wa Inna da mai turmi. Yaronki yana da kirki, kuma rigar ta yi masa daidai.

Akwai abin da ustaz bai rubuta ba. A kan dutsen na matsa bakin hanya don in leƙa ƙasa, ƙafata ta ɗan zame a ƙanƙara, ba wani abu ba. Sai ji na yi ya ƙwala kira, "Awadiyya!" Duk tsawon aurenmu ban taɓa jin sunan a bakinsa a waje ba. Dutsen gabanmu ya maimaita, na bayansa ya karɓa, har tsohon nan mai alfadari ya waiwayo. Yanzu yana cewa iska ce. Ki gaya wa Inna ina da shaidu, kuma ba masu tashi daga inda suke ba ne.